Na biya N15,000 na shiga ajin allon buri, ga yadda ta kaya bayan shekara ɗaya

Tunda Disamba ta kama na ga fulayar masu ajin allon buri ta sake yawo a sitatus ɗin mutane, wai a zo a tsara sabuwar shekara tun kafin ta shigo, kuma a satin nan kaɗai mutum huɗu suka bi ni ta bayan fage suna cewa ke da kika je bara ya abin yake, a biya ko kar a biya, shi ne na ce bari kawai in zauna in rubuta shi gaba ɗaya duk wadda ta sake tambaya in tura mata, don wallahi na gaji da yin boyis mai minti tara ina maimaita magana ɗaya.

Ba zan kama sunan masu shiryawa ba, ba kuma zan faɗi hol ɗin ba, a Kano ne dai. Ba faɗa muka yi ba, kuma irin ajin nan yanzu ya yi yawa, Kaduna ana yi Abuja ana yi har ta WhatsApp ana yi, kusan duk tafiyarsu ɗaya ce, don haka abin da zan faɗa zai iya yi wa kowa amfani ko ba nasu za ki shiga ba.

Ga wadda ba ta san zancen ba, shi allon buri, wanda suke ce wa bishin bod, kwali ne babba ake ba ki, ki yanko hotunan duk abin da kike so ki samu, gida ne mota ce Makka ce digiri ne, ki liƙa da gam, ki kafa inda idonki zai riƙa faɗawa kai safe da yamma, sannan ki riƙa rufe ido kina ganin kanki kin riga kin samu. Wai da haka ƙwaƙwalwa za ta kama hanya. Shi kenan fa, ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa.

Ni kuma ina koyarwa ne a wata firamare mai zaman kanta, da yamma ina yin kunun aya da zoɓo ina kai wa shaguna uku a unguwa. Damuwata ɗaya ce, sanyi. Firjin gidan ƙarami ne, gora ashirin ta cika shi, sauran sai in sayi ƙanƙara in jera a kula, kuma duk mai yin kunun aya ta san halinsa, in ya rasa sanyi na 'yan awanni sai ya yi tsami ya fara yauƙi, ki buɗe murfi ki ji fuss, shi kenan jari ya tafi kwata. Shekara uku ina cewa zan sayi firiza. Shekara uku. Har maigidan ya daina amsawa in na ɗauko zancen, sai dai ya ce Allah ya hore.

Toh ranar Asabar ta ƙarshen Disambar 2024 na shirya na tafi. An rubuta ƙarfe 10, ni uwar zumuɗi goma saura na isa, ba a fara ba sai wajen sha biyu saura, ana ta fama da furojekta da lasifika. Wannan ban riƙe shi da zafi ba don mun saba. Hol ɗin yana da tsafta gaskiya, esi na aiki, mata zalla ne, mun kai mu hamsin. Kujera iri biyu ce, tamu ta N15,000 da ta VIP N35,000, su suna gaba an sa musu teburi mai ƙyalle da fulawa, kwalinsu an yi masa firem na katako, an ƙara musu wani littafin rubutu mai bango mai kyau. Na leƙa na sake leƙawa, ban ga abin N20,000 a tsakaninmu ba, magana ɗaya muka ji, shinkafa ɗaya muka ci, sai dai su cinyar kaza mu fiffike.

Kayan aiki kam a nan suka yi sakaci. Almakashi shida aka ajiye wa mutum hamsin, sai jira kike kamar layin fanfo. Mujallun da aka baza kuma na Turai ne tsofaffi, ki buɗe ki ga Baturiya da kayan wanka a bakin teku, ki ga kicin ɗin da ya fi falonmu girma, ki ga kare a kan kujera. Babu keken ɗinki, babu shago, babu Ka'aba, babu abin da ya yi kama da rayuwarmu. Wata da ke kusa da ni burinta ta haddace izu goma ta rasa abin da za ta liƙa sai da maka ta rubuta. Ga shi kuma da yawa daga cikinmu ba sa son kafa hoton mai rai a ɗakin da suke sallah, ba wanda ya yi tunanin wannan. Waɗanda suka taɓa zuwa su suka fi mu wayo, tun a gida suka tattaro hotunansu a Pinterest suka jera a Canva suka kai bizines senta aka buga musu mai kala. In za ki je ki yi haka, kuma ki tafi da almakashinki. Ni da ƙyar na samu hoton wani firji mai ƙofa biyu ruwan azurfa, tsayinsa ya fi mutum, ba ma irin wanda nake buƙata ba ne, amma na yanke shi na manna a tsakiya, na zagaye shi da mota da wani gida mai bene da jirgin sama, tunda dai ba kuɗi ake biya ba.

Ita mai ajin, mu ce mata Anti, ta iya magana ba ƙarya. Ga kwalliya ga murya, tana haɗa Hausa da Turanci tana ba mutane dariya. Ta ba mu labarin ɗan wasan barkwancin nan Jim Carrey, yadda tun yana fama ya rubuta wa kansa cek na dala miliyan 10 ya sa kwanan watan 1995 ya cusa a walat, kuma kafin lokacin ya cika aka biya shi irin wannan kuɗin a fim. Ta kawo kuma wani bincike wai na jami'ar Yale, cewa a 1953 an tambayi masu kammala karatu, kashi 3 cikin 100 ne kawai suka rubuta burinsu, bayan shekara 20 sai aka tarar dukiyar waɗannan ta fi ta sauran kashi 97 a haɗe. Hol ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa, har na rubuta a bayan hannuna don kar in manta. Zan dawo kan wannan.

Sai aka zo wajen rufe ido. Aka rage fitila, aka sa wani sauti mai sanyi kamar ruwa na gudu, tana magana a hankali, ki ga kanki kin farka a gidan da kike so, ki taɓa bangon, ki shaƙi ƙamshin, wa ke tare da ke, me kika sa. Ni ba gidan na gani ba, firiza na gani, fara, a lungun nan na kusa da ƙofar kicin, na ɗaga murfin tururin sanyi ya daki fuskata, gororin kunu a jere sun yi raɓa har sun daskare ta gefe. Wallahi sai ji na yi hawaye na zubo min. Kan firiza fa. Na ji kunya na goge da gefen mayafi, da aka kunna fitila na ga ashe ba ni kaɗai ba ce, rabin hol ɗin ido ya yi ja. Wannan ɓangaren ba zan rage masa komai ba, a nan ne na gane duk tarkacen da na liƙa ba su dame ni ba, abu ɗaya nake so, kuma rabon da wani ya ce min zauna ki yi tunanin abin da ke kanki kike so, ba yara ba ba maigida ba, na manta.

Inda aka ɗan samu tangarɗa shi ne da Anti ta fara cewa in kika riƙe hoton a zuciya yunibas zai turo miki, wai tunani kamar maganaɗisu ne yana jawo irinsa. Akwai wata dattijuwa a layinmu, 'yarta ce ta biya mata, ta ɗaga hannu ta ce 'yata tsaya, wane ne kuma yunibas? Anti ta yi murmushi ta ce Mama ai Allah muke nufi. Ta ce to ki ce Allah mana, bakinki ciwo yake? Aka kwashe da dariya amma fa ta faɗi abin da ke cin mutane da yawa a rai. Ta ƙara da cewa ita dai abin da ta sani shi ne mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ɗaure ta sannan ka dogara, kuma a Suratul Kahfi an hana mu cewa za mu yi abu gobe ba tare da in sha Allah ba. Don adalci Anti ba ta yi gardama ba, ta ce haka ne Mama, daga nan ta koma cewa addu'a da kyautata zato. Amma silaid ɗinta ba su canza ba, a bayyane yake kwafo su aka yi daga na Turawa ko gyara ba a yi ba. Ni a ganina mai karɓar kuɗin matan Kano ya kamata ta zauna ta yi wannan aikin tun kafin wata Mama ta titsiye ta a gaban mutane.

Bayan an ci abinci mutane sun fara naɗe kwali, wasu mazajensu na ta kira a waje, sai aka ce akwai mai jawabi ta biyu. Wata 'yar siririya ce, ko hotonta babu a fulaya, ta ce ilimin halayyar ɗan Adam ta karanta. Minti ashirin aka ba ta kuma ko shi ba ta cinye ba aka fara nuna mata agogo. Wannan yarinyar ita ce kuɗina.

Ta raba mana rabin farar takarda, an ja layi an kasa ta gida huɗu. Ta ce akwai wata farfesa Bajamushiya da ke koyarwa a jami'ar New York, Gabriele Oettingen, ta shafe sama da shekara ashirin tana bincike a kan masu mafarkin ido biyu, kuma abin da ta gano ba zai yi mana daɗi ba. A 1991 ta bi wasu mata masu ƙiba da suka shiga shirin rage nauyi, waɗanda suka fi lulawa cikin daɗin hango kansu sun rame su ne suka fi kasa ragewa, bayan shekara bambancinsu da sauran ya kai wajen kilo 11. Haka ɗalibai masu shirin gama jami'a, waɗanda suka fi jin daɗin hango kansu a babban ofis su suka fi ƙarancin tura takardar neman aiki, bayan shekara biyu kuma albashinsu ya fi ƙasa. Dalili, in kin ji daɗin abu a zuci sosai jiki sai ya saki kamar an riga an samu, har awon jini an yi an ga yana sauka, ƙarfin tashi a nema ya ragu. Hol ya yi tsit, Anti na gefe tana danna waya.

Ta ce ba wai a daina hangowa ba ne, a hango, amma kar a tsaya a nan. Gida na farko ki rubuta buri ɗaya tak wanda zai yiwu. Na biyu mafi daɗin abin da zai biyo baya in kin samu, ki rufe ido ki ji shi sosai. Na uku cikas, shi ma ki rufe ido ki gan shi ƙuru-ƙuru. Na huɗu shiri, a rubuta shi da sigar in kaza ya faru zan yi kaza, wannan kuma ta ce aikin mijin farfesar ne, Peter Gollwitzer, shi ma malamin jami'a ne. Tsarin gaba ɗaya WOOP ake kiransa, kuma kyauta yake a intanet.

Ni a gida na uku na rubuta rashin wuta, tsadar sukari, albashi ba ya isa. Ta zo wucewa ta leƙa ta ce min waɗannan duk gaskiya ne amma ba ke ke riƙe da su ba, mene ne naki, wanda yake cikinki. Na yi shiru. Na soke na rubuta kalma ɗaya, anko. Sai ta yi dariya ta ce yawwa, ta wuce. Don ni na san kaina, ba a taɓa turo min atamfar biki na ce a'a ba, ko da kuwa bikin jikar ƙawar maƙwabciyar yayata ne, ga gudummawa ga ɗinki ga kuɗin adaidaita, sannan ga bashi, maƙwabta su aiko yaro a ba da kunu gora biyar za a kawo kuɗin anjima, anjiman da ba ta zuwa, ni kuma kunya ba ta barina in tambaya.

Na dawo gida da kwalina kamar na ciyo kofi. Na kafa shi a falo, kuskure na farko kenan. Kwana biyu ƙanwar maigidan ta zo, ta tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu ta ce iyee, Anti ashe bene za a gina mana ba labari, har da jirgi? Kafin sati labari ya zaga dangi, a wani suna wata ta ce min Hajiya mai jirgi. Mahaifiyata kuwa da ta ji cewa ta yi maza in cire, ba a baje buri a gaban mutane, baki ba abin wasa ba ne. Ko kin yarda da zancen baki ko ba ki yarda ba, surutun kaɗai ya isa ya kashe miki gwiwa. A ajin an ce a kafa inda za a riƙa gani kullum, ba wanda ya ce mana a gidajenmu falo na kowa ne. Na mayar da shi cikin ƙofar wadrof.

Sati uku ina yin yadda Anti ta ce, bayan asuba in buɗe wadrof in kalla, in rufe ido minti biyar, in ji sanyin firiza a fuskata. Daɗi kamar me. Sati uku ko naira ɗaya ban ajiye ba, har anko na yi a ciki na N16,000. Guruf ɗin WhatsApp da aka ce za a riƙa bibiyarmu har wata uku shi ma satin farko ne kawai ya yi rai, kullum da safe a turo kalaman ƙarfafa gwiwa da fulawoyi, a sati na biyu Anti ta fara tallar wani ajin na N50,000 wai mataki na gaba, a na uku guruf ya koma kasuwa, mai turaren wuta mai lefe mai maganin sanyi, na tambayi abu sau biyu ba a amsa ba na sa shi a shiru. Wannan shi ya fi ba ni haushi a duk lamarin don an sa shi a cikin abin da muka biya.

Ranar da kunu gora talatin ya lalace min a tsakiyar Janairu, da sanyin hunturu ma fa, don na dogara da sanyin gari ban sayi ƙanƙara ba rana kuma ta buɗe, ina neman wani rasit a jaka na ci karo da rabin takardar nan ta yamutse. Na zauna a bakin gado na cike gida na huɗu da ban samu cikewa ba a hol. In aka turo anko zan ce wannan karon a yi min uzuri ina da abin da nake tarawa. In aka aiko karɓar kunu bashi zan ce a kawo na jiya tukuna. In na dawo daga kai kaya shago ba zan shiga gida ba sai na biya ta gidan mai adashi na zuba N1,500. Sai na canza abin da nake rufe ido a kai. Maimakon firiza, sai in hango wayata ta yi ƙara, hoton atamfa ya shigo, in ji yadda cikina ke ɗurar ruwa, in ga yatsana yana rubuta amsar, har yadda za a ce haba ke kuwa da abin da zan ce bayan nan. Kamar mai bitar hadda.

Gwaji ya zo a farkon Fabrairu. Aminiyata tun ta sakandare za ta aurar da ƙanwarta, anko N18,000. Ba ma saƙo ta turo ba, kira ta yi. Ta ce ke na ware miki naki tun a Kwari, kalar da kike so ce. Zuciyata ta buga, amma bakina sai ya faɗi abin da ya saba faɗi a cikin kai, na ce don Allah wannan karon ki yi min uzuri, akwai abin da nake tarawa, zan zo da kayana in yi miki aiki tun daga kamu har kai amarya. Ta yi shiru ta ce toh shi kenan, ta kashe. Sati biyu tana amsa min gaisuwa da kalma ɗaya. Na je bikin da wani leshina tsoho, ni kaɗai a cikin ƙawaye kamar baƙar tunkiya, a hoto ma gefe na tsaya. Ba daɗi, kar wadda ta ce muku da daɗi. Amma N18,000 zubin kwana goma sha biyu ne. Na kuma kasa sau ɗaya, bikin ɗiyar yayar maigida, wannan ko farfesar ce da kanta sai ta yi ankon.

Daga baya da na samu sarari na bi abubuwan da aka faɗa mana ɗaya bayan ɗaya a waya. Binciken Yale ɗin nan da muka tafa wa, babu shi. Ba a taɓa yin sa ba. Mujallar Fast Company ta bi diddiginsa tun 1996 ba ta samu komai ba, ita kanta jami'ar ta ce ba ta da wani tarihinsa, masu jawabin ƙarfafa gwiwa ne kawai suke ta karɓa daga bakin juna. Labarin Jim Carrey gaskiya ne shi ya ba da shi da bakinsa a shirin talabijin na Oprah a 1997, amma a wannan zaman dai ya ce ba zai yiwu ka yi hasashe kawai ka tafi ka ci sanwic ba, sai ka yi aiki, wannan guntun ne Anti ta yanke. Na 'yar siririyar kuwa duk na same su yadda ta faɗa. Har na ƙaru da wani na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, na Pham da Taylor a 1999, ɗalibai ne ana saura kwana biyar zuwa bakwai jarabawa, wasu aka ce kullum su yi minti biyar suna hango sun ci maki mai kyau, wasu kuma su hango kansu a zaune suna karatu, ina da yaushe. Masu hango karatun su suka fi daɗewa a kan littafi kuma su suka fi cin maki. Shi ma Michael Phelps mai ninƙaya da ake yawan kafa hujja da shi, kocinsa Bob Bowman ya saba masa da kallon tseren a cikin kai kafin barci da bayan farkawa, har da abin da zai iya lalacewa, shi ya sa a gasar Olamfik ta 2008 a Bejin da ruwa ya cika masa tabarau a tseren mita 200 bai rikice ba, ƙirga bugun hannunsa ya yi har ya taɓa bango, ya ci zinare ya kafa tarihi. Ba lambar zinare yake kwana yana kallo ba, ruwan yake kallo.

A kwali na rubuta firiza kafin azumi, don kowa ya san a Ramadan ake cinikin sanyi. Azumi ya kama 1 ga Maris 2025, kuɗina ko rabi bai kai ba, haka na yi shi da ƙanƙarar saye mai tsadar tsiya ina kallon masu firiza suna kwasar kuɗi. Sai bayan babbar sallah a watan Yuni na kwashi adashina, N204,000 bayan mai adashi ta cire zubinta na kowane wata da kwanakin da na yi fashi. Muka je Sabon Gari da ƙanina wanda ya ɗan san kan kayan sanyi, muka samu ta hannu, fara mai murfi ta sama, da ɗan tsatsa a ƙafa ɗaya, N190,000 bayan dogon ciniki, aka kunna mana ita muka zauna awa guda har ta fara kama sanyi kafin na yi transifa. Ragowar ya tafi a kuɗin mota da wayar wuta. Ko kama da ta hoton ba ta yi ba. Amma tana cin gora ɗari da wani abu, in ta daskare ko an ɗauke wuta tana riƙewa har washegari in ba a yawan buɗewa, shagunan da nake kai wa yanzu bakwai ne. Mota da bene da jirgi suna nan a wadrof lafiya lau.

Toh a biya ko kar a biya? In N15,000 ba za ta taɓa miki jari ko cefane ba, kuma kina son ki fita ki yini cikin mata ki yi tunanin kanki ba yaro na jan zaninki, ki je, za ki ji daɗi, ni ma na ji, kuma da ban je ba ban san yaushe zan zauna in ware abu ɗaya ba. Kar ki biya VIP. Kar ki sa rai da guruf. Ki tambaya tun kafin ki tura kuɗi ko akwai wanda zai yi magana a kan cikas da shiri ko yanke-yanke ne kawai da rufe ido, in sun ce akwai ki zauna har ƙarshe ko maigida na ta hon a waje. In kuwa kuɗin rance za ki yi, ki bar shi, ki samu takarda ki ja layi huɗu, ki kira ƙawa ɗaya wadda ba ta jin nauyin faɗa miki gaskiya ta taya ki cike gida na uku. A maki biyar zan ba su uku, kuma biyu daga ciki na yarinyar nan ne da ko sunanta ba su sa a fulaya ba, na duba ta bana ma ban gan ta ba, kuɗin kuma ya koma N25,000.

Shekaranjiya wata daga cikin masu taya Anti aiki ta yi min magana, ashe ta ga firizar a sitatus ɗina, wai don Allah in turo hoto ina tsaye kusa da ita riƙe da kwalina za su sa a talla, a rubuta ta hango ta samu. Na ce ba matsala zan turo, amma da sharaɗin a ƙasa a rubuta adashin N1,500 kullum na wata biyar da anko huɗu da ban yi ba. Ta turo min ɗan hoton dariya, ta ce bari ta tambayi Anti. Har yanzu dai shuɗin layi biyu nake gani.